Wa Ya Fara Sauya Sheƙa?

Tun ranar 26 ga Maris 2025 da aka rusa jam'iyyun siyasar Nijar baki ɗaya, wata magana ta zama ruwan dare a bakin masu boko, a Yamai da ma nan Maraɗi. Wai ai daman mutumin karkara bai san jam'iyya ba, cikinsa ya sani. Wai yau yana nan gobe yana can, a miƙa masa sabulu da jaka guda ya sayar da ƙuri'arsa har da ta matansa, saboda haka ba a yi asarar komai ba. Wannan magana tana ƙona mini rai, kuma ba zan haɗiye ta ba. Cin mutuncin iyayenmu ne, kuma yawancin masu yaɗa ta su ne ya kamata su sunkuyar da kai.

Ba na musun cewa in ka zauna da dattijo a Agye ko Gazawa ko Gidan Rumji ya ƙirga maka, zai iya kawo jam'iyya biyar ko shida da ya taɓa yi wa tafi a rayuwarsa. Haka ne. Amma kafin a zage shi, a bi sawunsa a ga wa ya riƙa tayar da shi daga inda yake zaune.

Ɗauki wanda aka haifa wajen 1945 a wani ƙauye tsakanin Cadawa da Gazawa. Ya buɗe ido ya tarar da ƙasar gyaɗa, ya tarar da mahaifinsa yana son jam'iyyar Sawaba, kamar ɗimbin manoma da ƙananan ƴan kasuwa da direbobi da leburorin wannan yanki. A 1957 Jibo Bakari, jagoran Sawaba, ya kafa gwamnati, sarakuna da manyan ƙasa da dama suna tare da shi. Da aka zo ƙuri'ar raba-gardama ta 28 ga Satumba 1958, Jibo ya ce a faɗa wa Faransa a'a, Faransa ta turo gwamna Kolombani ya murƙushe shi. Cikin ƴan makonni manyan da suka ci suka sha a inuwar Sawaba suka tattara rigunansu suka koma wajen jam'iyyar RDA ta Jori Hamani. Su ne suka fara. Talaka aka bari riƙe da katin jam'iyyar da aka haramta a 1959. Bayan mayaƙan Sawaba sun kutso ƙasa a 1964 kuwa, abin da ya biyo baya tsofaffi ba su manta ba: kame, duka, ɗauri, wasu sun tafi gidan kaso ba su dawo ba. Mahaifin yaron nan ya yanki katin RDA. Wane mai imani ne zai kira wannan rashin aƙida? Mutum ne mai mata da ƴaƴa da gona, ya ga abin da aka yi wa maƙwabcinsa.

Sai fari ya zo, gyaɗa ta faɗi, yunwa ta shiga gidaje, ana ta jin labarin hatsin taimako da ke ɓacewa a hannun manyan jam'iyya. Ranar 15 ga Afrilu 1974 Seini Kunce ya kifar da Jori Hamani, ya hana siyasa kwata-kwata, ya tura matasa ƙungiyar Samariya. A zamanin sojan nan aka sha yunwar 1984, wadda mutanenmu suka raɗa wa El-Buhari saboda rufe iyakar Najeriya. A 1989 Ali Shaibu ya kafa MNSD, jam'iyya ɗaya tilo, aka zuba kowa a ciki ba tare da an nemi shawararsa ba, aka yi zaɓe da ɗan takara guda. Lissafa da kyau: RDA ta dole, shiru na dole, MNSD ta dole. Mutumin nan ya kusa shekara hamsin a duniya, ya aurar da ƴaƴa, furfura ta fara fito masa, kafin a karon farko a tsayar da shi gaban akwati a ce masa zaɓi wanda ranka ke so. Wannan ya faru ne a 1993, bayan Taron Ƙasa na 1991.

Kuma ya zaɓa, da zuciya ɗaya. Duk wanda ya ga 1993 a ƙasar Maraɗi ya san yadda kalmar canji ta ratsa kasuwanni da dandali. Mutane da yawa sun bi CDS-Rahama ta Mahaman Usman, wasu PNDS-Tarayya ta Mahamadu Isufu, wasu suka tsaya kan MNSD-Nasara ta Tanja Mamadu. Jam'iyyun canji suka haɗa kai a ƙawancen AFC, aka ce wa talaka ga masu ceto ga kuma waɗanda suka danne shi shekara da shekaru, ya zaɓa. Usman ya ci. Shekara ɗaya da rabi ba ta cika ba, a Satumban 1994, Isufu ya ajiye muƙamin firaminista, PNDS ta koma ta haɗa kai da MNSD ɗin da aka taru aka kayar jiya. Aka shiga zaman doya da manja tsakanin shugaban ƙasa da firaminista Hama Amadu har ƙasa ta tsaya cik, ga faɗuwar darajar sefa ta Janairun 1994 tana cin aljihun kowa. Ranar 27 ga Janairu 1996 Ibrahim Ba'are Mainasara ya ƙwace mulki. Jam'iyyar da aka kafa masa, RDP-Jama'a, da wa aka cika ta? Da ministoci da ƴan majalisa da manyan ƴan kasuwa da suka sulale daga Nasara da Rahama da Tarayya. Aka kashe shi ranar 9 ga Afrilu 1999, da yawansu suka sake sulalewa kafin a share makoki. A ƙarshen wannan shekara Mahaman Usman ya mara wa Tanja baya a zagaye na biyu, ya zama shugaban majalisar dokoki. Shekara shida kacal tsakanin gabar 1993 da wannan sulhu.

A nan ne raina ya fi ɓaci, domin na san abin da shekarun nan shida suka ci a ƙauyuka. Manya a Yamai suna ɓatawa da safe su shirya da yamma, ƴaƴansu suna makaranta ɗaya, suna haɗuwa wajen ɗaurin aure suna raha. A ƙauye gaba ba ta san haka ba. An yi wa da ƙanin da suka daina gaisawa saboda tutar da kowa ya kafa a ƙofar gida. An fasa baiko. An yi garuruwan da majalisar dattawa ta rabu biyu, fadar samari ta rabu biyu, ƴan wannan ɓangare ba sa shan shayi da ƴan wancan. An yi matan da aka tura gidan iyayensu saboda an ji sun jefa wa wata jam'iyya. Zaɓen mai gari, wanda a da dangi ke sasantawa a zaure, ya koma fagen nuna ƙarfin jam'iyya. In taki ya zo ko hatsin rahusa, sai a duba wane ne namu kafin a duba wane ne mabuƙaci. Malamin makarantar da aka gani a taron adawa sai ya wayi gari da takardar canjin wurin aiki zuwa can ƙarshen ƙasa. Duk wannan an yi shi da sunan biyayya ga mutanen da, bayan ƴan watanni, rediyo zai sanar cewa sun zama abokan tafiya. Wanda ya ƙaurace wa ɗan'uwansa saboda su, da wane ido zai koma ya dube shi? Manyan nan ko sau ɗaya ba su taɓa zuwa Saye Sabuwa ko Gangara sun tara jama'a sun ce ku yafe mana, mun haɗa ku faɗa a kan abin da mu kanmu ba mu riƙe da gaske ba.

Kada kuma mu ɗora wa Yamai komai, mu ma muna da namu. Shehu Amadu, ɗan Kornaka, firaministan riƙon ƙwarya bayan Taron Ƙasa, ya fice daga CDS a 2004 ya kafa RSD-Gaskiya, dubban mutanen jihar nan suka bi shi. Ya goyi bayan Tanja, daga baya ya goyi bayan Isufu a 2011. Abdu Labo na CDS a wannan shekarar ya bi Isufu alhali shugaban jam'iyyarsa yana bayan Seini Umaru na MNSD, rigimar ta kai kotu, a ƙarshe CDS ta koma hannunsa, Mahaman Usman da ya kafa ta ya yi takarar 2016 da tutar MNRD-Hankuri, ta 2020 kuma da RDR-Canji. Kasum Moktar ya yi magajin garin Maraɗi a inuwar RSD, ya rabu da ita ya kafa CPR-Inganci, daga baya ya zama minista. Ba na cewa kowane taku da suka yi cin amana ne. Kowa da hujjarsa, wasu hujjojin ma masu ƙarfi ne. Abin da nake cewa shi ne, mutumin Cadakori da ya shiga Rahama a 1991 ya rantse ba zai bar Mahaman Usman ba, sai da ya sauya jam'iyya sau biyu don kawai ya ci gaba da zama inda yake. Wanda kuma ya rantse ba zai bar jam'iyyar ba, sai ya tsinci kansa cikin gwamnatin da ya yi shekaru yana adawa da ita. Ko ta ina ya juya, mai son zaginsa zai sami abin faɗa.

Sauran labarin kowa ya san shi. Hama Amadu ya ɗora Isufu a 2011, suka ɓata a 2013, ya yi takarar 2016 daga gidan kason Filinge. Seini Umaru ya kai MNSD cikin gwamnati a 2016, ya mara wa Bazum Mohamed na PNDS baya a 2021. Tsarin mulkin 2010 ya ce ɗan majalisar da ya yi murabus daga jam'iyyarsa ya rasa kujerarsa, amma bai hana a ɗauki jam'iyya sukutum a kai ta wani gida ba, bai kuma hana mutum ya zauna a adawa da suna yana jefa wa gwamnati ƙuri'a ba. An yi duka biyun a gabanmu.

To, ban da wanda aka tilasta da wanda aka ja, akwai kuma wanda ya sauya da kansa, idonsa biyu. Shi ne nake so in kare da ƙarfina duka. Akwai matan da mazansu ƴan Rahama ne na gidi, amma suka koma son Tanja saboda ɗakin shan magani da aji da rijiyar da shirinsa na musamman ya kawo ƙauyensu, da kuma maganin yara ƴan ƙasa da shekara biyar da aka ce kyauta ne tun 2006. Akwai kuma waɗanda suka juya masa baya saboda 2005, shekarar da uwaye suka yi layi da ƴaƴa ramammu a wuraren ciyarwa na Agye da Gidan Rumji da Tasawa, shugaban ƙasa kuma ya fito ya ce babu yunwa a Nijar. Wasu sun yafe masa 2005 amma suka kasa yafe masa tazarcen 2009. Kowanne cikinsu ya auna abin da ya gani da idonsa ya yanke hukunci. In ba wannan ne amfanin ƙuri'a ba, mene ne amfaninta? Mutumin da ya ga an yaudare shi sau uku ya ci gaba da bi, shi ne za a yaba wa?

Shekaru ma suna da nasu aiki a zuciyar mutum. Saurayin da ba shi da gona, don gonar ubansu in aka raba wa ƴaƴa ko zubin kwano biyu na iri ba za ta kai ba, wanda rabin shekararsa a ci-rani take ƙarewa a Kano ko Agadas ko Libiya, duk mai cewa za a rushe a sāke gini shi zai bi. Idan ya yi iyali ya ga garin da ya yi adawa ya shekara goma ba famfo, na kusa da shi kuma an haƙa biyu, sai ya fara lissafin da bai yi ba yana ɗan ashirin. Idan ya tsufa, musamman a kudancin Gidan Rumji inda tun 2019 dubun-dubatar ƴan gudun hijira suka kwararo daga Sakkwato da Zamfara da Katsina, inda ake kore shanu da dare a ɗauke mutum a nemi kuɗin fansa, tambayarsa ta koma guda ɗaya: wa zai sa in kwana a ɗakina? Buƙatarsa ce ta sauya da shekaru, kuma yana da haƙƙin ya bi ta. Ministan da ya sauya jam'iyya don kada a karɓe masa mota da gida, shi wace buƙata ce ta sauya masa?

Ba zan wanke talaka tas ba. Sayar da ƙuri'a yana nan, na gan shi, kuma abin kunya ne. Akwai dillalan siyasa a kowane gari da ke karɓar kuɗi daga jam'iyya uku su yi wa kowace alkawarin mutanen unguwa ɗaya. Akwai masu cewa a ci kuɗinsu a zaɓi wanda ake so, suna ganin dabara ce, alhali suna koya wa ɗan takara cewa kujera saye ake yi, shi kuma in ya hau sai ya fanshe. Amma kuɗin nan daga ina suke fitowa? Wa ke loda atamfa da sukari da shinkafa a mota ya nufi ƙauye a daren jajibirin zaɓe? Manomin aya na Cadawa ba shi ya ƙirƙiro wannan ciniki ba. Masu neman kujera ne da alhazan da ke zuba musu kuɗi don a biya su da kwangila. Shekara talatin suna zuwa wa mai yunwa da abinci a hannun dama, takardar zaɓe a hannun hagu, sannan yau su hau kujerar hukunci su ce ba shi da tarbiyya. Ina jam'iyyar da ta taɓa zama a ƙauye bayan zaɓe ta karanta wa magoya bayanta manufofinta da Hausa? Ina wadda ta bar ƴan kwamitin gari suka zaɓi ɗan takararsu ba tare da an aiko da suna daga sama ba?

Mai cewa mutanen nan ba su iya riƙe alkawari ba, ya je Ɗan Saga a ƙasar Agye. Tun shekarun 1980 manoma suka koma barin tohon itace a gonakinsu suna sassabe da lura, suka kafa kwamitocin tsaron itatuwa, maza da mata, manoma da makiyaya, har ƙasar da ta zama fako ta sake yin inuwa, baƙi daga ƙasashe suna zuwa koyo. Wanda ke rainon gawo shekara goma kafin ya ci moriyarsa ba mai gajen haƙuri ba ne. Ya dubi kuma Mata Masu Dubara, asusun da ya faro a jihar Maraɗi a 1991, shekarar Taron Ƙasa: mata suna zubi mako-mako, suna ba juna rance, suna biya, akwatin yana nan. Jam'iyyu nawa aka kafa a wannan shekara suka tsage gida biyu, gida uku? Inda aka riƙe wa mutanenmu amana, sun riƙe. Inda aka mai da su tsani, sun koyi sauka da wuri.

Yanzu ga inda muke. Ranar 26 ga Yuli 2023 soja suka karɓi mulki, aka dakatar da jam'iyyu. A Afrilun 2024 aka rusa majalisun ƙananan hukumomi aka naɗa kantomomi. Bayan babban taron Fabrairun 2025 aka rusa jam'iyyu fiye da 150, aka ba Janar Abdurahaman Tiani wa'adin shekara biyar. Mutane da yawa a yankinmu sun yi murna, kuma na fahimci dalilinsu. Wanda aka gasa shekara talatin ba zai yi kukan rabuwa da masu gasa shi ba. Ni ma ba na zubar wa yawancin jam'iyyun nan hawaye. Amma ina kallon tarukan goyon baya, ina ganin wasu fuskokin da na sani a sahun gaba. Wanda ya yi rawar tazarce a 2009, ya ɗaura ƙyalle ruwan hoda na PNDS a 2011, ya rantse da Bazum a 2021, yau shi ne ya fi kowa ɗaga murya yana cewa zancen ƙasa ne, yana tsine wa ƴan siyasa kamar bai taɓa zama cikinsu ba. An rusa jam'iyyu, masu yawon sun tsira da sana'arsu. Wanda ya yi asara shi ne dattijon ƙauye da matarsa da jikansa, domin abu ɗaya da suka mallaka a siyasa, ikon su ce mun fasa, mun koma wajen wane, shi aka ɗauke. Kantoma in ya yi daidai sai godiya, in ya yi ba daidai ba, ba su suka naɗa shi ba, ba su za su sauke shi ba.

Saboda haka ina kira da babbar murya ga masu mulkin yau: in da gaske sabon gini ake so, kada a gina shi a kan raina talaka. Duk dokar jam'iyyu da za a rubuta nan gaba ta fara ɗaure shugabanni kafin mabiya. Shugaban da zai kai jam'iyyarsa wani ƙawance bayan zaɓe, a tilasta masa komawa gaban wakilan garuruwan da suka zaɓe shi su amince ko su ƙi. Wanda aka kama yana rabon kuɗi a daren zaɓe a soke takararsa, ko ɗan wane ne. Kuma a mayar wa mutane zaɓen ƙananan hukumomi tun kafin a kai ga na Yamai. A Tsibiri da Gidan Sori, a Gangara da Cadawa, mai jefa ƙuri'a ya san ɗan takarar kansila da ido, ya san gidan ubansa, ya san ko yana biyan bashi. A bar shi ya ɗora wanda ya yarda da shi, in wa'adi ya cika bai ga rijiya ba ya sauke shi ya ɗora wani.